Na Hana Shi Mai, Ya Koma Cin Abinci Gidan Yayarsa

Anti, don Allah ki agaza min, zuciyata ta cika. Maigidana yana fama da ciwon daji na fata. Wani baƙin tabo ne a tafin ƙafarsa muka raina, ashe shi ne. Yanzu ƙarin ruwa ake masa, irin maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar.

Ran nan ina tsaye a bakin ƙofa na ji likita yana gaya wa abokin aikinsa cewa ana binciken yadda kitsen jiki ke shafar aikin maganin. Ina isa gida na ɓoye mai, na yanke kitsen nama, komai sai dafaffe. A littattafan da nake karantawa, matar da ta yi jinya ita ce sarauniya, miji ya riƙe hannunta yana hawaye. Ni nawa sai ya juya cokali ya ture kwano. Ya rame, har na ƙara huda a bel ɗinsa. Kwanan nan na fara jin ƙanshin suya a rigarsa: gidan yayarsa yake zuwa ya ci. Ita kuma tana yawo da ni a dangi wai ina horar da ƙaninta da yunwa. Ni da nake wanke masa ƙafa! Abincin nan ma tare nake hana kaina. Na bi shi can na yi rigima, ko na zuba ido su kashe min shi?

Mai Jinya

Ƙanwata, ƙaunarki ba abar shakka ba ce, kuma yayarsa ba ta kyauta ba da ta kai ki gaban dangi. Amma rabin zance kika ji ta bakin ƙofa. Bincike likita ya ce, bai ba ki doka ba. Ramar mai wannan jinya abin tsoro ce, ita ma yayar abin da ta gani ke nan. Kada ki je rigima. Ku koma asibiti tare, ki gaya wa likita duk abin da kika cire, ki tambayi abin da ya dace ya ci. Ki gayyaci yayar ta ji da kunnenta. Mijinki kuwa ba jarumin littafi ba ne, mara lafiya ne mai jin yunwa, kuma ya ɓoye ne don kada ya ɓata miki rai. Ki tambaye shi me yake marmari. Allah ya ba shi lafiya, ya nuna miki ranar da bel ɗin zai koma hudarsa ta da.