Doro a Tsakiyar Titi

Litinin, 6 ga Maris
Yau Injiniya Mwaipopo ta miƙa mini aikin titin kasuwarmu. Masu awo sun kawo gefe biyu, hagu da dama, ni zan fitar da layin tsakiya a kwamfuta. Daga layin nan za a auna faɗin sabon titi, duk rumfar da ta shigo ciki a shafa mata jan fenti: BOMOA, a rushe. Ni Gwakisa, tsohon dillalin gwanjo! Da ina raba ciniki, yau ina raba titi.

Talata, 7 ga Maris
Injiniya ta leƙo: "Kada ka kwafi gefe ɗaya ka tura ciki, titin ba faɗinsa ɗaya ba." Wa za a koya wa? Ka yanka gefen biyu gunduwa-gunduwa, ka haɗa kowace da takwararta, ka ɗauki tsakiya, ka bi da layi. Ninke zani ne, baki da baki. Ya fito sumul. Sai da na tafa wa kaina.

Laraba, 8 ga Maris
Tirƙashi. Layin ya ci barandar Shangazi Tumpale, ƙanwar babana, inda take suyar mandazi, wato fanke. A tsallake kuma shagon Lusajo ya tsira da taku ɗaya. Lusajon da ke kirana "injiniyan danna-danna".

Juma'a, 10 ga Maris
Shangazi ta cika mini kwano da ayaba da nama. "Ɗana, an ce layin a hannunka yake. Ɗan ture shi mana, wa ya taɓa ganin tsakiyar titi da ido?" Gaskiyarta. A kasuwa ma, in dillali ya ce a raba tsakiya, tsakiyar ta san inda take jingina.

Litinin, 13 ga Maris
Na ture shi. A zane, fenti ya koma kan Lusajo. Injiniya ta wuce ta bayana, ko tsayawa ba ta yi ba. Sai dai layin ya yi wani ɗan doro a wurin. Duk inda na duba, can idona ke komawa. Kuma sunana ne a ƙasan zanen.

Talata, 14 ga Maris
Na mayar.

Asabar, 25 ga Maris
An shafa fenti. Shangazi ba ta amsa gaisuwata ba, kaskonta ta gaya wa: "Mutane na haihuwar 'ya'ya, mu mun haifi ma'auni." Lusajo ya ɗago hannu daga tsallake, "Injiniya!" Babu danna-danna. Na yi kamar ban ji ba, ai ba don shi na yi ba. Ba kuma waliyyi na zama ba, doron ne kawai ba na so.

Gobe bayan coci zan je in taya ta jan murhu baya. Na riga na auna mata wurin. Daidai.