Kwana Ukun da Ba Na Nan

Zuwa ga 'yata Likita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya maigidanki da jikokina? Tela ne ke rubuta mini, kin san ni da biro sai kallo.

Kin ce kina haɗa littafi kan abin da mutum ke ji idan ya suma, in ba ki labarin kwana ukun da na yi a asibiti bayan na faɗo daga tsani. To rubuta: ban ji tsoro ba. Ina daga sama ina kallon su suna kai-kawo a kaina, na ce ba yanzu ba, na dawo da ƙarfina. Tela na dariya, wai ni ko a sume sai na yi shugabanci. Rabu da shi, wanda ko wando bai iya yankawa daidai ba.

Naki,
Baba Mai Gadi

'Yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Yaga waccan takardar. Da Tela ya karanta mini ita na ji murya irin tawa, amma ƙarya take yi.

Ga gaskiya. Akwai fanka tana juyawa. Akwai warin magani, da ƙarar bokiti a kan siminti. Amma babu mai ji. Ba duhu ba ne, don duhu sai da mai ganinsa. Kunya ce ta sa na cusa kaina ciki, yaya za a yi labarina ba ni?

Jiya da muka fara takardar nan, Tela ya ce, "Tsoho, in ba ka nan, wa ya ji bokitin?" Na ce ya rubuta abin da aka ce masa. Amma tun jiya tambayar ta hana ni cin abinci.

Naki,
Baba Mai Gadi

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Kada ki tsorata da abin da zan faɗa.

Shekara arba'in da ɗaya ina gadin gidan hayar nan. Ɗaki goma sha huɗu, na san duk wanda ya taɓa kwana a cikinsu, da wanda aka haifa, da wanda aka fitar a makara. Kowace safiya nakan bi su a zuci ɗaki ɗaki, don kada su ɓace. Yau da hantsi na bi, kowa na nan. Da na zo ɗaki na bakwai, namu, ga gadon ƙarfe, ga mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, tana tsefe miki kai, kina kuka. Kujerata kuma ba kowa. Na duba ranar sunanki, na duba ranar jana'izarta. Na ga takalman mutane a bakin ƙofa, na san mai kowanne. Nawa babu.

Ban manta komai ba, kada ki turo mini ƙwaya. Komai na nan a ajiye, mai ajiyar ne ban gani ba.

Ki zo ranar hutunki. Ki tsaya a ƙofa ki yi sallama. Idan an amsa, ki dubi mai amsawar da kyau, ke kika san ubanki. In ba shi ne ya dawo daga asibiti ba, kada ki ɓoye masa.

Tela ya tambayi sunan da zai sa a ƙasa. Na ce ya sa wanda aka saba, kafin ki zo.

Baba Mai Gadi