Hasken da Murjani Yake Ci

Talata, 24 ga Yuni, 2025

Kwana tara ke nan da rasuwar Fa'izu. A nan kaɗai nake iya rubuta sunansa. A waje kowa "marigayi" yake cewa, har ni matarsa.

'Yan gaisuwa sun ragu. Saura ni da Inna Batulu, mahaifiyarsa, da ta zo daga Farin Dutse za ta zauna da ni har arba'in. Yau da ta shiga wanka na lallaɓa ɗakinsa na ɗaga bargon da aka rufe tekunsa da shi. Haka yake kiran akwatin gilashin nan na ruwa da kifi. Shekara shida ya yi a Jidda yana wanke irinsa a gidajen Larabawa, ya dawo Birnin Kudu da cutar a ransa. Mutum da sana'arsa ta haɗa wa mutane sola, amma hutunsa duk a dama gishiri cikin ruwa ya ƙare, yana kiwon duwatsu. Sau nawa na faɗa masa haka? Ya ce ba dutse ba ne, murjani ne, mai rai, kuma haske ne tuwonsa. Ni dai murjanin da na sani na wuya ne.

Guda bakwai ne. Duk sun koɗe, sun tsuke. Tun washegarin rasuwa ba su ga haske ba. Injin ruwan kawai yake ta aiki ƙarƙashin bargo, shi ne abin nan da nake ji kamar numfashin mai barci ta bayan bango.

In suka mutu a hannuna ban san da wane ido zan riƙa kallon ɗakin nan ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada nan gaba in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba.

Washegarin jana'iza, mata cike da gida, wasu har cikin ɗakinsa. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu da hantsi. Kawai sai ƙas, fitilar tekun ta kama da kanta. Shuɗi ya wanke fuskokin mutane. Wata ta saki salati, wata ta take wata a bakin ƙofa. Ni na san agogo ne ya saka mata mai kunna ta goma na safe, amma ban faɗa musu ba. Gaskiya, ni ma na ɗan daƙiƙa ɗaya na ɗauka shi ne.

Inna ta ce a kashe, a rufe. Ta ce ko ba komai mai takaba ba ta duba madubi, wannan kuwa ga fuskar mutum ɓaro-ɓaro a jiki. Usaini, ƙaninsa, ya fizgi waya da ƙarfin manomi, gidan fitilar ya zamo ya daki siminti. Dogayen ƙwai huɗu, ko ɗaya bai tsira ba. Aka share, aka zubar, har da rubutun da ke jikinsu.

Yanzu wane iri zan ce a sayo? Shekara huɗu yana min bayaninsu, ni ina tsince shinkafa ina cewa uhm.

Asabar, 28 ga Yuni

Na roƙi Inna. Ta ce, "'Yar nan, ki bar abin da ya tafi ya tafi." Na ce bai tafi ba tukuna, Inna, shi ne damuwar. Ta yarda a yaye bargon, amma in na shiga in tsaya ta gefe, ba gaba da gaba ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Ba ni da halin fita, sai aike. Usaini ya shigo gari sayen taki, na ce ya biya kasuwa. Ya dawo da Ɗanbala mai gyaran wuta da dogon ƙwai fari irin na shaguna, su biyu suna ta murna. "Matar Yaya, ai wannan ko allura kika yar sai kin gan ta." Ɗanbala ya rataye shi da waya, ya karɓi godiya ya tafi.

Haske dai haske ne, ko ba haka ba?

Kifayen nan biyu masu ratsin fari suna nan da ransu. Da na shigo sai su tafi kusurwar hagu su tsaya suna kallon sama. Nan yake tsayawa ya ba su abinci. Ni a dama nake. Ba sa ko juyowa.

Litinin, 7 ga Yuli

Ashe ba haka ba ne. Kwana biyar, gansakuka ta rufe gilashin kamar bakin rijiya. Ɗaya mai rassa naman jikinsa yana saɓulewa, farin ƙashi yana fitowa daga ƙasa zuwa sama. Da safe rabi, da la'asar ya wuce rabi.

Ɗakin ya fara wari irin na hannunsa in ya gama wanke tekun. Da can korarsa nake ya je ya sa sabulu. Yau na rufe ƙofa na zauna a ciki.

Talata, 8 ga Yuli

Saura shida.

Asabar, 12 ga Yuli

Na tuna biyu daga cikin ƙwayayen shuɗaye ne. Na aika wa Ɗanbala. Ya ce an gama, shuɗi ai ba wuya. Ya kawo wani da ya ciro daga fitilar kashe sauro ta wani mai shayi.

Wayyo Allah. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ɗakin duhu dunɗum da azahar. Da ya kunna, murjanin nan da na ba su a mace duk suka kama ƙyalli, kore da ruwan goro, kamar wuta ce a cikinsu. Na juyo zan ce Inna zo ki gani, sai na ga babu fuskarta. Haƙora kawai da farin ido da farin mayafi a tsaye a bakin ƙofa. Ita ma abin da ta gani a wurina ke nan, don ta ja da baya tana a'uzubillahi. Ɗanbala ko jakar kayan aikinsa bai tsaya zugewa ba.

Amma sun yi kyau. Na ce to, an dace.

Laraba, 16 ga Yuli

Ba a dace ba. Ƙyalli suke suna mutuwa. In na kashe shuɗin na buɗe taga sai in ga gaskiya, ƙashin ya ƙaru. In na kunna sai su yi min kwalliya. Har na fara tsoron kunnawa, don gawa ma in aka shafa mata wannan haske sai ta yi kyau.

Saura huɗu. Inna ta ce ranar arba'in za ta sa Usaini ya kwashe ruwan ya zuba a kwata, a huta. Ta ce tun da aka kunna fitilar nan ba na cin abinci, kuma ta ji ina magana a ɗakin. Ban yi magana ba. Ko na yi, lissafi nake.

Juma'a, 18 ga Yuli



Tun da aka kawo min wayarsa daga inda motar ta faɗi a hanyar Gwaram ban taɓa ta ba. Yau bayan an taso daga masallaci na sa ta a caji, na ce ko akwai hoton ƙwayayen. Babu. Sai na ga wani Ismail Legas, mai sayar masa da kayan tekun, da saƙonnin murya jere. Na danna na ƙarshe. Kwana uku kafin rasuwa.

Sai ga shi a cikin ɗaki. Muryar nan mai ɗan shaƙewa, da injin ruwan yana yi a bayansa daidai da yadda yake yi a bayana, har na rasa wanne ne na waya.

"Ismail, ƙwayayen nan sun tsufa, sun kai wata goma. Ido ba ya gani, amma su sun sani. Ka aiko min sirara huɗu, ƙafa uku-uku. Biyu farare masu lamba dubu goma, biyu shuɗaye na murjani. Na murjani fa, ba na sauro ba, ka san mutanenmu." Ya yi dariya.

Sannan daga nesa wata mata, da tsawa: "Ka bar duwatsun nan ka zo ka ci abinci, ni ba zan sake ɗumamawa ba!"

Ni ce. Haka muryata take ashe.

Ya ce a hankali, "Ka ji gwamnati tana kira," saƙon ya yanke.

Da na ɗago, Inna tana bakin ƙofa da faifai a hannu, geron yana tsiyaya ƙasa ba ta sani ba. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko ranar da aka fita da shi. Ta ce, "Fa'izu." Ba da ni take ba. Ta zauna a dandaɓe ta ce in sake kunnawa.

Sau shida muka ji. Kowane karo sai na ji kaina ina tsawar nan, ita kuma ba ta ce komai a kai ba. Da ta ce wani abu da ya fi min sauƙi.

Asabar, 19 ga Yuli

Inna ta ce in rubuta wa mutumin, amma ban da magana baki da baki, ina cikin takaba. Bai ma san an yi rasuwa ba. Ya ce ƙwayayen suna nan a ɗaure tun watan jiya, yana ta mamakin shirun. Na tura masa hoto. Ya ce ƙwan sauro ƙyalli kawai yake sa su, ba ya ciyar da su, farin kasuwa kuma gansakuka yake ciyarwa. Ya ce in duba saƙon watan Janairu, marigayi ne ma ya koya masa yadda ake wa wanda ya daɗe a duhu.

Na nemo. A rataye fitila tafin hannu ɗaya daga ruwa, awa goma a rana. A fara da tare hasken, a riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. "Kamar mai jinya, ba a fara masa da tuwo."

Alhamis, 24 ga Yuli

Sun iso. Daga Legas zuwa Kano, daga Kano direba ya miƙa wa Usaini a tasha. Ya shigo da abin a kan babur, dogo, naɗe da soso da farin yadi, a kwance bisa cinyarsa. Mairama maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce innalillahi, wa kuma? Na yi dariya. Ta farko. Sai na ji kunya na toshe baki.

Ɗanbala ya gyara gidan fitilar na asali, wannan karon ina tsaye ina faɗa masa, shi yana cewa to Malama. Fari, shuɗi, fari, shuɗi. Inna da kanta ta kwance gidan sauronta ta ninka huɗu muka shimfiɗa tsakanin fitila da ruwa.

Hasken nan na san shi. Shi ne wanda yake fitowa ta ƙasan ƙofa in yana ciki.

Saura uku. Ɗaya a ciki ban tabbata ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

Arba'in. An yi sadaka. Usaini ya zo da bokitai biyu kamar yadda aka ce masa, Inna ta ce ya ajiye ya je ya raba gumba. Matattun ta sa na kwaso, ta ce abu mai rai ba a jefa shi a bola. Mun binne su gindin lemo. Ba su da nauyi ko kaɗan.

Gobe za ta koma Farin Dutse, ciyawa ta cinye mata gyaɗa. Ƙanwata za ta dawo nan. Inna ta bar min gidan sauron.

Litinin, 4 ga Agusta

Saura ɗaya. Mai zagaye, kamar faifan 'yar tsana, da ƙananan bakuna a jiki. Shi ne wanda ban tabbata da shi ba. Waɗanda na sa wa rai su suka tafi.

Kullum kafin goma sai na kunna saƙon Janairu, in yi yadda ya ce, in auna da tafin hannuna. Na janye ninki biyu. Wani lokaci ina barin muryar ta yi ta maimaituwa in fita tsakar gida, don in ji ta daga nesa kamar da.

Talata, 12 ga Agusta

Na janye ninkin ƙarshe. Da safe yana buɗewa, da azahar ya tsuke kamar an tsunkule shi. Kwana uku haka. Gefensa ya fara fari.

Na yi duk yadda ka ce. Tafi ɗaya, awa goma. Me kuma kake so in yi?

Lahadi, 17 ga Agusta

Ba wani abu ba ne. Ranar Laraba na hau kujera na ɗaga fitilar zuwa tafi biyu, na juya agogon nan zuwa awa takwas, na cire fari ɗaya. Shi bai ce haka ba. Shi ƙwayayensa tsofaffi ne, waɗannan sababbi, kuma murjaninsa ba su yi kusan mako biyu a bargo ba. Na tsaya kan kujerar ina jira, ban san me nake jira ba. Injin ruwa kawai.

Yau har la'asar a buɗe yake. Farin gefen bai ƙaru ba. Na ƙirga bakunan sau uku, goma sha ɗaya ne, da can goma nake samu. Wataƙila da can ban iya ƙirga ba.

Wayar tana cikin durowa, cajinta ya ƙare tun Alhamis. Wuta akwai, sola ta cika. Zan sa. Gobe ko jibi.