A Rubuta Sunan Ɗan Fatoma a Allon Makaranta

Zuwa ga Shugaban Makarantar Sakandaren garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Malam, da fatan aiki da iyali suna lafiya.

Ni ne Sagiru ɗan gidan Fatoma, mutumin da fataken shanu ke sauka a zaurensa duk ranar kasuwar Ɗanbatta. A ƙofar ofishinka akwai allon da ake rubuta sunan duk ɗalibin da ya shiga jami'a. Mu biyar muka shiga a shekararmu, huɗu aka rubuta, ban da ni da na zaɓi karatun otal. Abu uku nake so in faɗa wa Malam.

Na ɗaya. Ranar taron iyaye Baba ya sa babbar riga ya zo jin dalili. A gaban jama'a ka ce ba za ka ɓata fenti a kan mai karatun otal ba, wai wanke kwano ba digiri ba ne. Aka yi dariya. Baba ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ƙara taka makarantar ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Na biyu. Ba otal na gani na yi sha'awa ba, zauren Baba na gani. A can ba a tambayar baƙo sunansa sai ya sha ruwa, kuma ana nuna masa alƙibla tun bai tambaya ba. A kan wannan tarbiyyar ce jami'a ta ɗora.

Na uku, kuma nan daɗin yake. Da kuka zo Kano taron shugabannin makarantu, masaukin da aka sauke ku ni ne manajansa. Ka tarar da buta da ruwan ɗumi, darduma a shimfiɗe, ga fura mai sanyi. Da hannunka ka rubuta a littafin baƙi cewa wanda ya tsara wurin nan ɗan gidan mutunci ne. Na gode, Malam! Sau uku na karanta wa Baba, yana cewa in sake.

Roƙona biyu ne. Ka daina tsorata yaran da ke son wannan karatu, sannan a rubuta sunana, domin idon Baba ya fara rauni, ina so ya gani da kansa. Ranar kasuwa mai zuwa zan kawo shi. Fenti kuwa kada ya dame ka, na riga na saya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da girma, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam, daga tsohon ɗalibinka,
Sagiru ɗan Fatoma.