Fir'aunan 'Yan Aji Biyar Ya Ɓace

Ammachi, uwarmu mai ba da shawara, ki taimake ni don girman Allah. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da tarihin mutanen dā a makarantar cocinmu, ban taɓa shiga uku irin wannan ba, kuma kwana huɗu ya rage mini.

Ni ba na son koyarwar karanta ka haddace. Da muka yi Rum, yara da zanin gado a kafaɗa suka zo. Da muka yi Babila mun buga tubali da laka, har uwar wani yaro ta zo ta yi mini tatas. To bana sai muka iso Masar, kan labarin Yusufu da yadda aka shafe gawar mahaifinsa da magani kwana arba'in. Na ce wa 'yan aji biyar mu ma mu gwada. Na sayo ƙaton kifi, muka yashe cikinsa, muka binne shi cikin gishiri, daga baya muka shafe shi da masoro da kirfa da kanumfari, muka naɗe shi da tsohon farin mundu, zanin da maza ke ɗaurawa a ƙugu, na maigidana, wanda har yau yake nema. Yara suka raɗa masa suna Fir'auna. Suka yi masa akwati, suka rubuta sunansa a murfi irin na Masarawa: ido, tsuntsu, da hoton kifi.

Abu ɗaya nake so su gane. Ranar Asabar, a baje kolin makaranta, za mu buɗe akwatin a gaban iyaye, a ga Fir'auna kwance a bushe, in ce sarakunan Masar da duk dabararsu suna nan inda aka ajiye su, kabari ɗaya ne kawai, na Mai Cetonmu, aka tarar babu kowa. Ashe wannan ba darasi mai kyau ba ne?

Kuliyoyi ne suka hana mu sakat a aji, shi ya sa na roƙi Achan, limamin cocinmu, na ajiye akwatin a ɗakin ajiyar kicin ɗinsa. Na ce ai babban azumi ake yi, kwana hamsin ba mai taɓa kifi. Na manta azumi yana ƙarewa.

Ranar Ista sai ga Thirumeni, bishop ɗinmu, ya biyo ba sanarwa. Chedathi Rahel, dattijuwar da ta shekara talatin tana yi wa limamai girki, agwagwa ta soya da naman sa, kuma kin san Thirumeni ba ya cin nama sai kifi. Kasuwa a rufe. Ta shiga ɗakin ajiya da idanunta da suka yi rauni, ta ga akwati da hoton kifi a kai. Da ɗanyen mangwaro da kwakwa ta dafa shi, aka ci da rogo. Ni ma ina wurin, Ammachi. Har ƙari na yi. Thirumeni ya suɗe yatsu ya ce: "Chedathi, rabona da busasshen kifi irin wannan tun uwata tana da rai." Matar nan ta yi kuka don daɗi, kuma tun ranar ba wanda ba ta tare a hanya ta ba shi labari ba.

Ga inda abin ya lalace. Chedathi ba ta yarda da ɓarna. Ta wanke mundun, ta ninke shi tsaf, ta mayar cikin akwati. Jiya Litinin na kai yara su gaida Fir'auna. Muka ɗaga murfi: ba gawa, sai ƙyalle a ninke. Washegarin Ista! Wata yarinya, Merin, ta dafe ƙirji ta ce: "Malama, ya tashi!" Ni kuwa nan take na tuna ɗanɗanon kirfa a miyar ranar Lahadi, amma ban gyara mata maganar ba.

Yanzu labari ya cika gari. Kakar wani yaro ta aiko da kyandir. Wani uba da ke kwamitin coci yana tambayar wace irin bidi'a ake koya wa 'ya'yansu. Maigidana ya ce in sayo wani kifin in naɗe, a wuce wurin. Idan na faɗi gaskiya, na kunyata tsohuwar da ta ciyar da bishop da aikin aji, na ƙwace mata abin alfahari mafi girma a rayuwarta. Idan na yi shiru, yara ashirin da shida sun gaskata kifi ya tashi daga matattu, ta dalilina. Ina son matar nan, ina kuma tsoron Allah. Yaya zan yi?

Malama Mai Akwati Fanko, Kottayam


'Yata, na yi dariya har na ajiye tabarau, amma na ji nauyin da ke zuciyarki.

Fara kwantar da hankali: ba gawa kuka ci ba. Kifi da gishiri da kayan yaji sunansa busasshen kifi tun zamanin kakanninmu, kin dai ƙara masa riga ne. Ba wanda ya kwanta ciwo.

Chedathi ba ta da laifi ko kaɗan. Wadda ta kai kifi kicin, a akwati mai hoton kifi, ba ta kuma gaya wa mai kicin ba, ita ce da laifi. Don haka ke za ki ɗauki kunyar. Shawarar maigidanki kuwa ki bar masa abarsa. Yara sun ga akwatin fanko. Idan suka sake ganin kifi a ciki za su ce ya tashi kuma ya dawo, kin ga matsala ta zama biyu.

Kin yi daidai da kike tausayin tsohuwar. Ki je wurinta yau, ke kaɗai, kafin ta ji a bakin wani. Ki fara da neman gafara, ki kuma tuna mata gaskiya: yara sun busar da kifi ne kawai, hannunta ne ya sa Thirumeni ya tuna da uwarsa. Wannan yabon nata ne, ba mai karɓe shi. Macen da ta shekara talatin tana jure wa limamai ta fi ƙarfin da kike zato. Sannan ki sanar da Achan, shi ya san yadda zai gaya wa Thirumeni da kuma mutumin kwamiti.

Yara kuwa, gobe da safe, ba Asabar ba. Idan Chedathi ta yarda, ki sa su yi bincike da kansu: wa ke da makulli, me aka dafa ranar Lahadi, wa ya ninke ƙyalle. Aikin masu tarihi ke nan, kuma za su koyi cewa ba kowane akwati fanko ne abin al'ajabi ba, sai an tambayi shaidu. Idan ba ta yarda a ambaci sunanta ba, ki ce musu an dafa shi bisa kuskure, kuskuren kuma naki ne.

Kada dai ki ƙara kwana a kan shirun nan. Yaron da malamarsa ta bari ya gaskata tashin kifi, ranar da ya gano gaskiya, ba kifin kaɗai zai daina gaskatawa ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa Asabar ta zo muku da alheri.

Ammachi