Na San Maganin Saba, Amma Ina Son Gaisuwa

Anti, ki taimake ni, zuciyata ta hana ni sakat.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a ma'aikatarmu. Ofishina yana bayan sito, kusa da tsintsiyoyi, shekara huɗu ba wanda ya san ina da rai. Sai saba ta fara ciwo, wato babbar kwamfutar da kowa ke ajiye takardunsa a ciki. Da aiki ya yi yawa, ɗan wurin da saƙonni ke jira a katin sadarwarta sai ya cika, ta fara zubar da su, kowa ya tsaya cak. Sai a rugo wajena. In taho a hankali, in ɗaure fuska, in kashe in kunna. Yanzu Likita ake kirana. Manaja da kansa yake tambayar iyalina, har shayi ake kawo min a faranti.

Anti, wata biyar ke nan da na gano matsalar. Manhajar da ke sarrafa katin ce ta tsufa. In sa sabuwa, in faɗaɗa wurin jiran, minti ashirin an gama. Na kasa. In ta warke, wa zai sake gaishe ni?

To, an lura abin ya fi tsayawa in Inna mai buga takardu ta tura manyan hotuna. An ce hannunta ne, ranar Litinin za a sallame ta. Jiya har haƙuri ta ba ni, wai tana wahalar da ni. Kunya kamar in nutse.

Likitan Bayan Sito

Ƙanena Likita,

Na yi dariya, da na zo kan Inna na daina. Son a san da kai ba laifi ba ne, zaman kaɗaici ba daɗi. Amma likitan da ke kiwon cuta don a riƙa gaishe shi, sunansa daban.

Ranar Asabar da ba kowa, ajiye kwafin tsohuwar manhajar ko da sabuwar za ta ƙi, sa sabuwar, faɗaɗa wurin, ka gwada da manyan hotunan nan. Litinin da sassafe ka riga takardar sallama isa teburin manaja, ka faɗa masa komai, har da wata biyar ɗin. Zai yi faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gara ka fito da ƙafarka.

Daga nan ka wuce wurin Inna ka mayar mata da haƙurinta, ba ita ya kamata ta bayar ba. Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya bar wa baiwar Allah abincinta.