Rufin Ɗakin Inna Ba Zai Ɗauki Rawa Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Sallama irin ta 'yan'uwa, da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, Ya rufa muku asiri a inda kuke, Ya sauƙaƙa maka ciwon ƙugun da na ji labarinsa a bakin mutane, tunda kai ba ka faɗa mini ba. Mu nan sai godiya. Yaya Babba tana nan yadda ka bar ta, ƙafafu sun ƙi, amma baki yana aiki, kullum sai ta tambaye ni ko Autan Inna ya kira. Uwar yara ta samu sauƙin tarin. Ni kuma gwiwa ce kawai, ita ma ta san ni na san ta.

Shekara shida ke nan ina yi maka magana ɗaya, Auta, kana ce mini za mu yi magana. In na kira kana taro, in na sake kira kana tuƙi. Na lura ku da kuka yi makaranta ba ku jin murya, takarda kuke ji, to ga takarda. 'Yata Mai Sunan Inna ce take rubutawa, na kuma gaya mata in ta gama zan kai wa tela maƙwabcinmu ya karanta mini daga farko, in ji ko ta rage mini kalma ɗaya, don na san maganar ta shafi wurin aikinta. Tun ranar da Baba ya riƙe hannunka ya kai ka makaranta, ni kuma ya ɗora mini kwanon kankare a ka, a gidan nan ake yanke magana a bayana, sai an gama a kawo mini tawada in dangwala yatsa. Haka aka yi da hayar filin gaba. Ka zo kwana biyu, ka zauna da mutumin nan Mai Farin Takalmi, ka sa hannu ya mayar da wurin ajiyar katakon Baba gidan casu, ka hau mota ka tafi ka bar mana kiɗan.

Kada ka ɗauka ni maƙiyin nishaɗi ne. Ni ma na taka rawa a zamanina, ka tambayi Yaya. Amma mu muna rawa ne in an yi wani abu, aure ko haihuwa, kowa ya san don wa ake yi. Waɗannan kuwa, na tsayar da wani na tambaye shi bikin wa ake yi, ya ce mini ƙarshen mako ne. Garin nan ya juye, dare ya zama rana. Tun la'asar motoci suke toshe mana ƙofa, masu babur suna rigima a kan layi, da safe in share kwalabe da guntun sigari daga bakin kwata kafin in wuce masallaci. Mutum ya tako ƙafarka idonsa a kan waya, bai san ɗan Adam ya taka ba. Mai Sunan Inna takan ce mini ban fahimta ba, wai mutanen nan tun asuba suke cikin cunkoso, su wuni ana yi musu tsawa a ofis, su koma ɗaki ɗaya da ko taga babu, in ba su fito sun sha iska sun yi tsalle ba hauka za su yi. Ta ce da tiren da take ɗauka a wurin take sayen maganin Yaya. Ban ƙaryata ta ba. Na ga 'yan mata da samari masu ladabi a cikinsu, akwai wata ma'aikaciyar banki da ba ta taɓa wuce ni ba ta rusuna ba. Na haɗiye hayaniyar shekara shida, da ita kaɗai ce da ban dame ka da takarda ba.

Abin da ya sa na zauna yau daban ne. Wata tara da suka wuce Mai Farin Takalmi ya ce ƙasa ta yi musu kaɗan, kuma takardar da ka sa wa hannu ta ba shi har saman ɗakuna. Ya kafa matakalar ƙarfe daga waje, ya zagaye rufin kankare da fitilu masu launi, ya hau da sifikoki kowace ta kai tsawon mutum, ya ƙara da tankin ruwa a kusurwa. Rufin nan ka san shi, shi ne na ɗakin Inna, inda Yaya take kwance yanzu. In suka fara tsalle gaba ɗaya, ƙoƙon ruwan da ke gefen gadonta rawa yake yi, garin siminti yana sauka a kan bargonta.

Wata uku da suka wuce na ga tsaga a jikin rufin, daga ginshiƙin tsakiya ta nufi taga. Na yi abin da Baba ya koya mini: na samo ɗan siririn gilashi, na gicciya shi a kan tsagar, na manne bakinsa biyu da siminti. In gini ya zauna, gilashi zai zauna. In gini yana tafiya, gilashi zai faɗa maka. Na farko ya yi kwana goma sha tara ya fashe. Na biyu kwana takwas. Na uku na sa shi ranar Alhamis, da safiyar Lahadi na tsince shi biyu a kan tabarma. Duk ukun suna nan a cikin gwangwanin da nake ajiye ƙusoshi.

Na kai wa Mai Farin Takalmi gilasan a tafin hannuna. Ya kira ni Baba, ya sa aka ba ni kujera, ya ce zai kawo masani. Masanin ya zo da hular roba da takarda a hammata, yaron da bai kai ɗana na fari ba, ya ɗaga kai ya duba, ko tsani bai nema ba, ya ce filasta ce ta bushe. Washegari aka toshe tsagar aka shafa fenti. Tun ranar da masanin ya zo na ce masa ya ba ni guduma in ƙwanƙwasa ya ji yadda wurin yake amsawa kamar tulun da ya tsage, sai ya tambaye ni a wace makaranta na karanta gini. Shekara hamsin ina ɗora bulo a garin nan, Auta. Na je ofishin masu duba gine-gine sau biyu, na wuni a benci, aka ce in kawo takardun gida ko wanda sunansa yake kan yarjejeniya. Takardun suna akwatinka, sunan kuma naka ne.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rufin nan ni na zuba shi da hannuna, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Baba ya sayi rodi isasshe, mai kauri, na jera shi a tsakar gida. Ana saura mako a zuba sai takardarka ta babbar makaranta ta zo, ana neman abin da ba mu da shi. Baba ya kira ni bayan gida ya ce a sayar da rodin, mu nemi siriri mu yi maneji, ai shanya kawai Inna za ta riƙa yi a sama. Na ce masa ba daidai ba ne, ya ce in rufe bakina, kada ka ji ka fasa tafiya. Na sa siririn rodi, na kuma buɗa tsakaninsu, inda ya kamata a sa uku na sa ɗaya. Na yi ne don kaya masu ɗigar ruwa da mace ɗaya mai kwando. Na yi shiru tsawon shekarun nan saboda alƙawarin Baba, da kuma kunya, don magini ba ya son a ce aikinsa ne mai ramewa, kuma da sunan nan na ci abinci. Ga Mai Sunan Inna nan ta ajiye biro tana kallona, na ce ta ɗauka ta ci gaba. Ban faɗa don in yi maka gori ba. Karatunka ya amfane mu, ban musa ba. Amma ka sani yau cewa abin da ya kamata ya riƙe rufin nan shi ne ya kai ka inda kake.

Jiya na cire kunya na gaya wa Mai Farin Takalmi wannan. Ya yi dariya ya ce da ma tsofaffi in kiɗa ya ishe su ba irin labarin da ba sa ƙirƙirowa, kuma shi da mai sa hannu kawai yake magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni ba a ɗauke ni mai ɗaki ba. Ya riga ya manna sanarwa a bangonmu, Asabar ta sama zai yi babban casun cikar wurinsa shekara shida a kan rufin, tela ya karanta mini, wai mutum ɗari uku. Ranar da suka fi yawa a baya ba su kai ɗari ba, kuma a ranar ce gilashi na uku ya tafi.

Na roƙi Yaya in mayar da ita ɗakina, ta ce a ɗakin nan Inna ta cika, a nan ita ma za ta jira nata, kuma ba wanda zai ɗaga ta sai Auta ya ce. Ka san taurin kanta, gado muka yi. In ya kama zan ɗauke ta da ƙarfi tana zagina, wannan mai sauƙi ne. Amma 'ya'yan mutane fa da za su hau sama? Da 'yarka Mai Sunan Inna da za ta yi ta zirga-zirga da tire a tsakiyarsu? Ta ce in ta ƙi zuwa ranar an kore ta, na ce gara a kore ta. Ba na son rawarsu, amma ba na son in tono ɗan kowa daga ƙarƙashin kankaren da na kwaɓa.

Abin da nake so ba shi da yawa. Ka kira mutumin nan da bakinka ka hana shi hawa sama, ka aiko takarda mai sa hannunka a kai ofishin nan, a kawo wanda zai fasa gefen rufin ya ƙirga rodin da idonsa. In an ƙirga aka ga ƙarya na yi, ka kira ni mahaukaci a gaban yaranka, na yarda. In kuwa ka sake yin shiru, to gudumata babba tana bayan ƙofa, na riga na sake mata ƙota. Ranar Juma'a, jajiberin casun, da hantsi, kowa yana gani, zan farfasa gindin matakalar nan har ta kwanta. An gaya mini za a kama ni, kuma takardarka ce za ta ba shi gaskiya a kaina. Na ji. Sai ka zo ka ga yayanka a bayan kantar 'yan sanda, wataƙila a can ka samu lokacin da za mu yi maganar.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, Allah Ya saka mata da alheri a kan bargon da ta aiko wa Yaya. Ka gaida yaranka, Likita da 'Yan Biyu, da takwarana da ban taɓa gani ba sai a hoto. Yaya tana gaishe ka, uwar yara tana gaishe ka, tela ma ya ce a sa sunansa.

An ce shiru ma amsa ce, ni ban karɓa ba, na ci ta shekara shida ba ta ƙosar da ni ba. Takardar nan direba zai ba ka hannu da hannu, yarinyar kuma za ta ɗauki hotonta ta tura maka a waya, kada ka ce ba ta iso ba. Tsagar ta sake buɗewa ta cikin fentin, na manna gilashi na huɗu yau da safe. Ka amsa mini kafin shi ya amsa, Auta. E ko a'a, da muryarka.

Ni ne yayanka,
Magini.
Ga yatsana a ƙasa, wannan karon na san abin da na dangwala wa.